Kalmar da Na Sassauta a Tekun Sulma

Ku gyara zama, ku da kuka daɗe kuna tambayata abin da ke tayar da ni daga majalisa duk lokacin da aka ɗauko hirar teku. Yau zan faɗa muku, daga tushe har reshe, ba ragi ba ƙari. Wanda ya zo neman labarin dariya, ga hanya nan a buɗe, ya kama gabansa tun ban fara ba.

Sunana Kallamu, mutumin Birnin Dargaza, garin da ke bayan duwatsu bakwai, inda babu ruwan da ya fi na rijiya zurfi. Mahaifina marini ne, amma ni tun ina ƙarami kunnena bakin baƙi yake bi. Duk falken da ya sauka a zangonmu sai na tsare shi da tambaya: yaya kuke kiran wannan, yaya kuke kiran wancan. Kafin in cika shekara talatin ina jin harsuna biyar. Ana nan sai wani falke ya ba ni labarin Tsibirin Marmara, can tsakiyar Tekun Sulma, inda ya ce akwai gidan littattafai da aka tara kowane harshe na duniya a cikinsa. Tun daga ranar garinmu ya yi mini ƙunci. Na yi sallama da dangi, na rataya jakata, na nufi gabas.

Wata bakwai ina tafiya kafin in iso Sarkala, birnin da ke bakin tekun. Mutanen wurin Sulmawa ne, masunta da matuƙa, harshensu kuwa ban taɓa jin irinsa ba. A nan na haɗu da Baba Walo, wani dattijo gajere mai faɗin ƙirji, wanda sana'arsa nuna wa jirage hanya a cikin ruwa. Ya gan ni ina nuna abubuwa da yatsa a kasuwar kifi kamar bebe, ya yi dariya, ya ja ni zuwa inda yake zama a gaɓa. Shekara biyu ina tare da shi yana koya mini Sulmanci.

Ruwa kaɗai suna goma sha biyu gare shi a harshensu. Ruwa mai zurfi da jirgi ke wucewa lafiya, asha suke ce masa. Dutsen da ke kwance a ƙarƙashin ruwa, kamu ɗaya ko biyu tsakaninsa da sama, wanda ido ba ya gani, gurmu suke ce masa. Ba a gane shi sai da launin ruwan da ke kansa, wanda ke komawa fatsi-fatsi kamar ruwan karofin da ya tsufa. Ni ɗan marini ne, don haka da ya nuna mini sau ɗaya na riƙe. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Wannan kalmar ba a faɗinta a hankali, ɗana. Duk inda ka gan shi, da ƙarfi ake faɗa."

A shekara ta uku aka sami jirgin da zai tafi Marmara. Mai jirgin sunansa Barau, mutumin ƙasarmu ne da ya yi arziki da fatauci, ya sayi jirgi, ya sa ana kiransa Sarkin Jirgi alhali ko kalma ɗaya ta ruwa bai sani ba. Yana da wani ƙato na hannun dama, Jatau, wanda bulala ba ta rabuwa da kafaɗarsa. Barau ya ɗauki Baba Walo ya zama jagora, ni kuma ya ɗauke ni tafinta a tsakaninsu. Mu saba'in da biyu muka shiga, maza da mata, fatake da masu ziyara.

Mun ga abubuwa a tafiyar nan. Rana ta tara wani kifi ya taso kusa da mu, bayansa ya yi tsawon ganuwar gari, har ciyawa ta tsiro a kai, tsuntsaye masu fikafikai huɗu suna kiwo a samansa. Ya raka mu yini guda sannan ya nutse ba tare da ya taɓa mu ba. Amma abin da ya fi kifin tsoratar da mu a cikin jirgin yake. Barau ba ya son a ce masa a'a. Rana ta goma sha uku ya sa Jatau ya zane wani matuƙi har ya suma, don kawai ya ce igiyar da aka ba shi ta ruɓe. Ina tsaye ina kallo.

Washegari da hantsi, rana tarwai, babu hadari babu guguwa, muka iso inda hanya ta rabu biyu. Ɗaya ta zagaya ta bayan wasu ƙananan tsibirai, tafiyar kwana uku. Ɗayar ta ratsa tsakaninsu, rabin yini. Barau ya riga ya yi rantsuwa a gaban jama'a a Sarkala cewa sai ya riga wani abokin gasarsa isa Marmara, don haka ya nuna gajeriyar ya ce a bi nan.

Baba Walo ya leƙa ruwan. Ni ma na leƙa, na ga launin nan da na sani ya shimfiɗu a gabanmu. Ya juyo gare ni, jijiyoyin wuyansa sun tashi, ya ce da Sulmanci, "Faɗa masa gurmu ne a gaba. Faɗa masa in ya shiga nan ya kashe mu duka. Faɗa masa kuma ban taɓa ganin jaki da rawani ba sai shi."

Na dubi Barau, na dubi bulalar Jatau da jinin jiya bai gama bushewa a kanta ba. Na rusuna na ce, "Ranka ya daɗe, Baba yana ganin da ma a zagaya, don wataƙila akwai duwatsu a wajen nan."

"Wataƙila?" in ji Barau. Ya yi dariya ya dubi mutanensa. "Kun ji. Zan yi asarar kwana uku saboda wataƙila. Ce masa ya koma ya zauna."

Da Baba Walo ya ga kan jirgin bai juya ba, bai tsaya jirana ba. Ya ruga ya ture matuƙin, ya kama itacen tuƙi da hannu biyu yana ƙoƙarin karkatar da shi. Jatau ya kai masa duka a ƙeya, ya ja shi a ƙasa kamar buhu. Barau ya ce a jefa shi rumbun ƙasan jirgi, inda ake ajiye kaya, har sai an isa. Aka jefa shi, aka rufe ƙofar, Jatau ya danna kwaɗo ya rataya makullin a wuyansa. Sai a lokacin na buɗe baki na ce, "Ranka ya daɗe, ba wataƙila ba ne, dutse ne tabbas." Barau ya ce, "Ɗazu ka ce wataƙila. In ka ƙara magana ka bi shi."

Ba mu yi tafiyar da mutum zai ci tuwo ya wanke hannu ba, sai jirgin ya daki abin. Ƙarar kamar an fasa ƙatuwar ƙwarya. Dogon ginshiƙin tsakiya ya karye ya faɗo kan mutane, ruwa ya ɓullo ta ƙasa. Na ruga ƙofar rumbun. Ina jin Baba Walo yana dukanta daga ciki yana kiran sunana. Na ja kwaɗon har fatar hannuna ta saɓule. Na waiga ina neman Jatau, sai na hango shi tare da Barau sun riga sun sauke ƙaramin kwalekwalen jirgin sun shige, Jatau yana dukan hannuwan masu kama gefensa da filafili. Na kira shi, na ce ya jefo mini makullin kawai. Ya dube ni, ya ci gaba da tuƙi.

Ruwa ya kawo mini ƙugu, ya kawo ƙirji. Dukan ƙofar ya ragu, sannan ya tsaya. Daga nan wata igiyar ruwa ta ɗauke ni ta wurgar, na rungumi wani katako, ban saki ba har ya kai ni gaɓa.

Mu ashirin da ɗaya muka fita da rai, har da Barau da Jatau da kwalekwalensu ya kawo su gaɓa ɗaya da mu. Muna kwance a yashi muna aman ruwan gishiri sai yashin ya fara motsi. Wasu ƙaguwoyi suka fito daga ramuka, kowace ta kai girman jaki, hannuwansu kamar awartakin maƙeri. Kafin mu farga sun ɗauke mutum biyu. Muka haye wani dutse muka cure wuri ɗaya, su kuma suka kewaye mu suna jira. Rana ta take, ƙishirwa ta fara aikinta. Ina kallonsu sai na lura da wani abu: akwai wata jar ciyawar ruwa mai wari da teku ya zubar tsibi-tsibi a gaɓar, kuma duk ƙaguwar da ta zo kusa da ita sai ta kauce. Na sauka da rarrafe na jawo tsibi guda, na naɗe jikina da ita, na taka zuwa tsakiyarsu. Suka dare suka ba ni hanya.

Ina dawowa in nuna wa sauran, Barau ya sa Jatau ya tuɓe tawa ya naɗa masa, tun kafin a ba matan da ke cikinmu. Da muka tsallake muka shiga kurmi, sai na ji shi yana ce wa mutane, "Da ban yi wannan dabarar ba da yanzu duk kun zama abincinsu." Suka ce, "Gaskiya ne, ranka ya daɗe." Na ji kamar in ɗauki dutse. Ban ɗauka ba, amma har yau ban tabbata na kyauta da na bari ba.

A cikin kurmin wasu masunta suka same mu, Sulmawan tsibiri. Suka ba mu ruwa, suka kai mu garinsu, wanda kowace ƙofa da kowane ginshiƙi a cikinsa da katakon jiragen da suka nutse aka yi su. Suka gaya mini al'adarsu. Duk jirgin da ya fashe a ruwansu, sai an zauna a gaban Uwar Gaɓa, tsohuwar da ke yi musu shari'a, an gano wanda ya jawo. Shi kuwa mai laifin, kan wani dutse ake kai shi a bakin mashigar, ya riƙa kaɗa ganga yana korar jirage har iyakar ransa.

Da na fassara wa Barau wannan, fuskarsa ta sauya. Washegari da safe ya tara mu a bayan wani rumbu ya ce, "Ku saurara. Tsohon nan ne ya sha abin da ya sha ya ɓatar da mu, shi ya ce a bi gajeriyar hanya. Abin da kowa ya gani ke nan. Ko akwai wanda ya ga wani abu dabam?" Ba wanda ya ɗaga kai. Har da matuƙin da aka zane, har da wata mata da mijinta ya nutse a gabanta. Sannan ya juyo gare ni. "Kai ne bakinmu, Kallamu. Jatau zai tsaya a bayanka. In harshenka ya karkace, ba za ka ƙarasa maganar ba."

Aka zauna a ƙarƙashin wata babbar bishiya, garin duka ya hallara. Uwar Gaɓa ƙaramar tsohuwa ce, idonta ɗaya fari fat, tana zaune kan bayan kunkuru da aka kife. Na tsaya a gabanta, Jatau ya manne da bayana, ina jin tsinin wuƙarsa ta cikin rigarsa daidai haƙarƙarina.

Yanzu sai in gaya muku wani abu game da Sulmanci. Basulme ba ya rufe maganar shaida sai da ɗayan ƙananan kalmomi biyu. In abin da ya gani da idonsa ne, sai ya ƙare da nim. In kuwa magana ce da aka ɗora masa, ya ɗauko ta ne kawai bai tsaya a kanta ba, sai ya ƙare da tole.

Barau ya fara zuba. Ni kuma na riƙa fassarawa kalma da kalma, ban rage komai ba. Tsohon ya bugu, tole. Shi ya nuna gajeriyar hanya, tole. Sarkin Jirgi ya roƙe shi a zagaya ya ƙi, tole. Na ga masuntan sun fara duban juna.

Barau ya tsaya ya harare ni. "Mene ne wannan tole da kake ta maimaitawa?"

"Girmamawa ce, ranka ya daɗe," na ce. "Haka ake ce wa manyansu, kamar yadda muke cewa ranki ya daɗe."

Sai ya gyara rawaninsa, ya dafa ƙirji, ya rusuna wa tsohuwar ya ce da bakinsa, "Tole, tole."

Ba wanda ya yi dariya a cikinsu. Uwar Gaɓa ta kafe Barau da idonta mai gani, kamar da shi take magana, ta ce, "Baƙo mai harshenmu, me ke bayanka?"

"Me ta ce?" in ji Barau.

"Tana tambaya mu nawa ne a jirgin."

"Ce mata saba'in da biyu."

Na dube ta na ce, "Wuƙa, nim."

Ta sosa kunnenta na hagu. Ban ga wanda ya jefa ba, sai dai na ji taru ya faɗo ta bayana, aka fizge Jatau ya faɗi yana birgima a ciki kamar kifi. Wasu biyu suka riƙe Barau. Daga nan na buɗe bakina na faɗi abin da ya faru, kowace magana ina rufe ta da nim. Uwar Gaɓa ba ta tsaya a kan maganata ba. Ta aika masu nutso huɗu zuwa inda jirgin yake. Kafin la'asar suka dawo da gawar Baba Walo a naɗe cikin tabarma, da ƙofar rumbun da suka ɓalle, kwaɗon yana nan a danne ta waje. Aka ciro makullin daga wuyan Jatau, aka zura, ya buɗe.

Nan take 'yan jirginmu suka sami baki. Wannan ya ce da ma shi ya so ya faɗa, wancan ya ce tun a Sarkala ya san Barau azzalumi ne. Na juya na ce musu, "Ku yi mini shiru. Da safen nan aka tambaye ku a bayan rumbu, kowa ya sunkuyar da kai. Mutumin da ya mutu yana ƙoƙarin ceton ku kuka yarda a kira shi mashayi. Kada wanda ya ƙara yi mini magana a cikinku."

Sai Barau ya ɗago, ya yi wani murmushi, ya ce, "Kai fa, tafinta? Kai ne ka ce wataƙila. Da ka faɗa mini yadda ya faɗa, da na zagaya. Faɗa mata wannan in ka isa."

Ƙarya yake yi, da ba zai zagaya ba. Na san haka a lokacin, na kuma sani yanzu. Amma rabin maganarsa gaskiya ce. Uwar Gaɓa ta ce, "Me ya ce?" Babu wani mai jin harsunan biyu a wurin sai ni, kuma babu wuƙa a bayana. Na fassara mata duka. Na faɗa mata abin da Baba Walo ya ce, da abin da ni na mayar da shi. Na rufe da nim.

Sannan ta yanke hukunci. Barau da Jatau, kan dutsen mashigar, su da ganga, har mutuwa. Washegari na tsaya a gaɓa ina kallo aka tafi da su, Barau yana zagina har muryarsa ta ɓace. Ni kuwa ta ce, "Marmara kwana biyu ne daga nan, na ji can kake so. Ba za ka je ba. Mamacin yana da 'ya a Sarkala. Za ka koma ka faɗa mata yadda ka faɗa mini."

Aka binne Baba Walo a tsibirin. Wani jirgin masunta ya mayar da ni Sarkala.

Sele ce sunan 'yar tasa, mace mai 'ya'ya uku, wadda na ci abincin hannunta shekara biyu. Na same ta da safe a ƙofar gida tana ɗinkin taru. Labarin nutsewar ya riga ni isowa, don haka ba ta yi kuka ba. Ta nuna mini turmi in zauna, na ƙi, na tsaya a tsaye na faɗa mata komai: hanya biyu, da kwaɗo, da ƙofar da ya yi ta duka, da hukuncin da aka yanke.

Ba ta daina ɗinkin ba. Ta ce, "Me Baba ya ce wa mai jirgin? Faɗa mini da kalmominsa."

Na faɗa mata. Da na zo kan jaki da rawani, gefen bakinta ya motsa kaɗan.

"Kai kuma me ka ce?"

"Na ce wataƙila akwai duwatsu."

Sai ta ajiye allurar. Ta miƙe, ta matso har ina jin numfashinta, ta ce a hankali, "Shekara biyu yana zaunar da kai a gefensa. Ɗan da ya haifa bai koya masa abin da ya koya maka ba. Abu ɗaya ya nema a wurinka, ka buɗe baki sau ɗaya, ka tsaya kana lallashi."

"Tsoro na ji, Yaya."

"Kada ka kira ni Yaya. Shi bai ji tsoro ba ne? Da tsoronsa ya kama itacen tuƙin." Ta tattara tarunta ta rungume. A bakin ƙofa ta tsaya, ba ta juyo ba, ta ce, "Na gode da ka zo ka faɗa da bakinka. Wani da bai zo ba. Yanzu ka bar garin nan, kada in ƙara jin harshen ubana a bakinka."

Ta shiga ta rufe ƙofar. Na tsaya a wurin har rana ta ɗaga, ba a buɗe ba. A ranar na ɗauki jakata na juya wa teku baya.

Shekara ashirin da shida ke nan. Harsuna biyar ɗin nan har yanzu ina cin abinci da su a kasuwa, kun sha gani. Na shidan kuwa yana nan a kaina, ban manta ko kalma ɗaya ba, kuma ban sake furta shi ba sai waɗannan 'yan kalmomi da kuka matsa mini na faɗa yau. Iyakar labarin ke nan. Ku tashi ku ba ni wuri.